Malamin Makaranta, Mai Gadin Lafiyar Yara: Darasi Daga Anka, Gummi Da Bukkuyum



Idan aka yi maganar kiwon lafiya, hankalinmu yakan tafi wurin likita, da nas, da ma'aikacin ɗakin shan magani. Wannan daidai ne. Amma a yawancin ƙauyukan yammacin Jihar Zamfara, yaro yakan yi shekaru bai ga likita ba, alhali kuwa yana ganin malaminsa kwana biyar a kowane mako. Malami ne ke kiran suna da safe. Shi ne ke fara lura cewa wane bai zo ba kwana uku, ko wance tana barci a aji, ko kuma yara huɗu daga unguwa ɗaya duk suna riƙe da ciki. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan aikin da malamai ke yi, da wanda za su iya yi, wajen kare lafiyar yara a ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, da kuma yadda ikkilisiya da sauran jama'a za su ɗaga musu hannu.

Abin da ya faru a 2010

Ba za a yi zancen lafiyar yara a wannan yanki ba tare da tuna bala'in gubar dalma ba. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen neman masu ciwon sanƙarau suka samu labarin yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai farfaɗiya, sai suma, sai rasuwa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, bai yi aiki ba. Sai da aka aika jini aka auna a Turai, sannan aka gane cewa dalma ce.

Daga ina dalmar ta fito? Farashin zinariya a kasuwar duniya ya ninka tsakanin 2006 da 2010, daga kusan dala 600 zuwa sama da dala 1,200 a kan kowane oza. Manoma da yawa suka shiga haƙar zinariya. Dutsen da ake haƙowa a wasu ramukan yankin yana ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo shi cikin gari, ana fasa shi da guduma, ana niƙa shi a injin niƙa, ana daka shi a turmi a tsakar gida, ana shanya shi inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta shiga ɗakuna, ta shiga hatsi, ta shiga tafkuna da rijiyoyi.

A watan Mayu na wannan shekara, jami'an hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, tare da na gwamnatin Nijeriya suka bi gida-gida a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin waɗanda ke raye da aka auna, kashi 97 cikin 100 na da dalma a jini da ta kai matakin da dole a ba da magani. A wasu wuraren, kashi 10 cikin 100 na ƙurar da aka ɗiba dalma ce tsantsa. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu a wannan annoba.

Maganin ya zo ta hanya uku. Na farko, sarakuna da hakimai suka sa aka fitar da aikin niƙa daga cikin gari. Na biyu, aka kankare saman ƙasa a gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranci wannan aiki tare da ma'aikatar muhalli ta jiha a Dareta, Abare, Duza, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru a 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan matasa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun matsa wa gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin. Na uku, aka ba yara maganin DMSA, wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Ba a ba da maganin kafin a share gari, domin yaron da aka yi wa magani ya koma gida mai guba, aikin banza aka yi. MSF ta auna jinin yara sama da 8,000 kafin ta miƙa shirin ga gwamnatin jiha a farkon 2022.

Ina ruwan malami da dalma?

Wani zai ce ai wannan aikin likitoci ne. To, mu duba. Magani yana fitar da dalma daga jini, amma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa. Yaran da suka tsira a 2010 sun shiga firamare a shekarun da suka biyo baya, yanzu kuma samari ne da 'yan mata. Ƙannensu da suka taso kusa da wuraren niƙa suna cikin azuzuwa a yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Ko kaɗan ce tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, tana rage ji, tana kawo ƙarancin jini, tana sa yaro rashin natsuwa da saurin fushi.

Ga abin da wannan ke nufi a cikin aji. Yaron da ake kira daƙiƙi, wanda aka koya masa baƙi yau gobe ya manta, mai yiwuwa ba lalaci ba ne. Yarinyar da ake kira ba ta amsawa, mai yiwuwa ba raini ba ne, kunnen ne ya yi nauyi. Bulala ba ta warkar da wannan. Malamin da ya fahimci haka zai dawo da yaron layin gaba, ya yi masa magana yana kallon fuskarsa, ya rarraba masa darasi kaɗan-kaɗan, ya haɗa shi da wani ɗalibi mai haƙuri, sannan ya je ya gana da iyayensa domin a kai shi a duba shi.

Haka kuma malami na iya hana sabuwar ɓarna. Jikin ƙaramin yaro yana shan dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma cikin da babu abinci ya fi shan ta. Jarirai ba sa zuwa makaranta, amma yayyensu masu goyonsu suna zuwa. Idan yarinya 'yar aji huɗu ta san waɗannan abubuwa, ta ceci ƙanenta:

• Kada a kawo dutsen zinariya ko buhunsa cikin gida.
• Kada a daka abinci a turmin da aka daka dutse, kada kuma a niƙa hatsi a injin da aka niƙa shi.
• Mai aikin haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi tun a wurin aiki kafin ya dawo ya ɗauki yaro.
• Kada a tafi da goyo wurin niƙa, ko da talla ce ta kai mutum.
• A wanke hannun yaro kafin ya ci abinci, a shimfiɗa masa tabarma maimakon ƙasa.
• A ba yara wake, gyaɗa, zogale, rama, nono da kifi in an samu, domin jikin da ke da isasshen sinadarin ƙara jini da na ƙarfafa ƙashi bai cika shan dalma ba.
• A yi hattara da baƙin dutsen tozali mai ƙyalli da ake sa wa jarirai a ido, domin shi ma dutsen dalma ne.

Ba muna cewa malami ya tsaya ya zagi masu haƙa ba. Iyayen ɗalibansa ne, kuma talauci ne ya kai su. Gwajin da ƙungiyar OK International ta yi tare da MSF ya nuna cewa yin amfani da ruwa lokacin fasawa da niƙa yana rage ƙurar dalma ƙwarai. Saƙon malami shi ne a nemi abinci ba tare da an kashe 'ya'ya ba. Kuma maganar ba ta wuce ba: a 2015 irin wannan bala'i ya faɗa wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Duk inda aiki ya dawo, haɗarin ma ya dawo.

Tsargiya da tsutsar ciki: inda malami ke riƙe da magani

Akwai aikin lafiya ɗaya da hukuma da kanta ta danƙa a hannun malamai, wato rabon maganin tsargiya da na tsutsar ciki.

Duk wanda ya taso a bakin Gulbin Zamfara ko Gulbin Ka, ko kusa da fadamun Gummi, ya san yaron da ke fitsarin jini. Wasu iyaye na ɗauka alamar balaga ce, wasu su ce zafin rana ne. Ba haka ba ne. Tsutsa ce. Mai ɗauke da ita in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayenta sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin wani ƙaramin dodon-koɗi. Bayan 'yan makonni sai su fito da yawa, su huda fatar duk wanda ya shiga wanka, ko wanki, ko su, ko shayar da dabbobi. Su girma a jijiyoyin jini kusa da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai. Ƙwan ne ke yi wa mafitsara rauni. In an bar ta shekaru, tana iya lalata ƙoda, ta kawo matsalar haihuwa ga mata, har ma da ciwon daji na mafitsara. Tun kafin a kai can, yaro ya riga ya rasa jini, ya rame, ya kasa mai da hankali ga karatu.

A 2001 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa ƙasashe su riƙa ba aƙalla kashi 75 cikin 100 na yaran da ke cikin haɗari magani a kai a kai. Da aka duba hanya mafi sauƙi da arha, sai aka ga makaranta ce: yaran suna wuri ɗaya, akwai rajista, akwai kuma mutumin da ya iya rubutu kuma yara na jin maganarsa. A Zamfara, ma'aikatar lafiya ta jiha ta daɗe tana wannan aiki tare da ƙungiyar Sightsavers. Daga 2013 zuwa 2019, shirin UNITED da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya haɗa rabon magungunan tsargiya, tsutsar ciki, amosanin ido, makantar bakin gulbi da tundurmi a Zamfara, Katsina, Kano, Kaduna da Neja. Kamfanin Merck na Jamus ne ke ba da maganin tsargiya kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya.

Yadda ranar rabon take shi ne: ana horar da malamai tukuna. Ana sanar da iyaye, da mai gari, da limamai da fastoci. Ranar rabo kowane yaro ya ci abinci ya ƙoshi, domin maganin tsargiya, firazikwantel, yana sa jiri da murɗar ciki in an sha shi da yunwa. Ba a bukatar sikeli. Akwai sanda mai zane-zane da ake jingina yaro a jikinta, tsawonsa ne ke nuna ƙwaya nawa zai sha. Maganin tsutsar ciki kuwa, mebendazol ko albendazol, ƙwaya ɗaya ce ake taunawa. Malami ya ga yaro ya haɗiye a gabansa, ya rubuta a rajista, kada ya ba shi ya tafi da shi gida. Yaron da ba shi da lafiya ranar, a ɗaga masa. Wanda ya ji jiri ya kwanta a inuwa, yakan wuce cikin 'yan sa'o'i, in kuwa bai wuce ba a kai shi asibiti.

Wani bincike da Edward Miguel da Michael Kremer suka yi a makarantun Busia ta ƙasar Kenya, wanda aka wallafa a 2004, ya nuna cewa ba da maganin tsutsa ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masana sun yi ta muhawara a kan girman amfanin, amma babu mai musun cewa yaron da ke fitsarin jini yana bukatar magani.

Malamin kirki ba ya tsayawa a kan waɗanda ke cikin rajistarsa. A yankinmu yaran da ba sa zuwa boko suna da yawa: almajirai, 'yan talla, 'ya'yan makiyaya, da 'ya'yan 'yan gudun hijira. Maganin na duk yaro ne mai shekara 5 zuwa 14. Hedimastan da ya taka ya je ya gaishe da alaramma, ya roƙe shi ya turo almajiransa, ya yi aikin da ya fi na rabon ƙwaya.

Nan ne batun yarda ke shigowa. Mun tuna yadda aka dakatar da allurar shan inna a 2003 a wasu jihohin arewa, har da Zamfara, saboda tsoron da ya shiga zukatan mutane, cutar kuma ta sake bazuwa. Sai da sarakuna da malaman addini suka sa baki, aiki ya dawo, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Mutane ba sa karɓar magani daga hannun wanda ba su yarda da shi ba. Malamin da ke zaune cikin gari, yana zuwa suna da jana'iza, yana ba nasa ɗan maganin a gaban kowa, maganarsa ta fi ta lasifika.

Malami ido ne

Daga Disamba 2016 zuwa tsakiyar 2017, sanƙarau nau'in C ya ɓarke, ya fara daga Zurmi, Zamfara ce kuma ta fi kowace jiha shan wahala. A ƙasa baki ɗaya mutum sama da 14,000 suka kamu, sama da 1,100 suka rasu. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, Zamfara na cikin jihohin da ke kan gaba. A duka biyun, yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne rukunin da ya fi kamuwa, wato 'yan makaranta. Ke nan rajistar kiran suna na iya zama ƙararrawar farko. Ga alamun da bai kamata malami ya jira gobe a kansu ba:

• Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara.
• Gudawa kamar ruwan shinkafa, da amai ko babu. A fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da ba shi a kan hanyar asibiti.
• Farfaɗiya, ko barcin da ba a iya tashin yaro daga gare shi.
• Zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, wato alamun ƙyanda.
• Yara uku ko fiye daga unguwa ɗaya da ciwo iri ɗaya a mako guda.

Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Ya kamata kowane hedimasta ya san shi, ya kuma san ma'aikacin ɗakin shan magani mafi kusa, lambobinsu na rubuce a bangon ofis. A 2010 an yi makonni yara na mutuwa kafin labari ya kai inda ya kamata. Saurin kai rahoto ba ya cin ko sisi.

Abin da manufar gwamnati ta ce

Wannan aiki ba shisshigi ba ne. A taron ilimi na duniya da aka yi a Dakar a watan Afrilu na 2000, UNESCO, UNICEF, Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fito da tsarin da ake kira FRESH. Ginshiƙansa huɗu ne: makaranta ta kasance da ƙa'idojin lafiya, ta samu ruwa mai tsabta da makewayi, a koyar da lafiya a aikace, ba hadda kawai ba, a kuma kawo wasu ayyukan lafiya da abinci cikin makaranta. A 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da Manufar Lafiya a Makarantu, wadda ta bi wannan sahu, ta ƙara da haɗin kai tsakanin makaranta da gida da al'umma. A daidai wannan lokaci aka fara kafa kwamitocin kula da makarantu, wato SBMC, inda iyaye maza da mata, da mai gari, da shugabannin addini, da wakilan ɗalibai ke zama tare da hedimasta. Shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, kashi na uku, wanda ya gudana daga 2012 zuwa 2022 a jihohin da suka haɗa da Zamfara, ya ƙarfafa waɗannan kwamitoci da ƙungiyoyin iyaye mata.

Takarda dai takarda ce. Manufa ba ta haƙa masai. Abin da ke bambanta makarantar da ke da ruwan wanke hannu da wadda ba ta da shi, sau da yawa mutum ɗaya ne da ya ɗauki abin a kansa.

Daga yaro zuwa yaro

A 1978 wani likitan yara mai suna David Morley, wanda ya yi aiki a asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, tare da masanin ilimi Hugh Hawes, suka fara wani tsari a Landan. Sun lura cewa a ƙasashe irin namu manyan yara ne ke rainon ƙanana, saboda haka in an koya wa babba, an kai ga ƙarami. Tsarin ya dace da mu sosai. Ga misalin yadda za a bi shi a kan tsargiya. A mako na farko malami ya bayyana yadda cutar ke yawo. A na biyu yara su zana taswirar gari, su sa alama a duk inda ake wanka da wanki. A na uku su tattauna abin da za su iya yi. A na huɗu su shirya ɗan wasan kwaikwayo su nuna wa iyaye ranar taro. Daga baya su koma su duba ko wani abu ya sauya.

Sauran ayyukan da ba sa bukatar kuɗi mai yawa sun haɗa da duba farce, fuska da ido a layin safe, ba tare da kunyata kowa ba, domin wanke fuska kullum yana rage amosanin ido. Akwai rataya jarka a jikin itace da igiya da sandar takawa, a ajiye sabulu ko toka a gefe. Akwai randa mai murfi da moɗa ɗaya ta ɗiba, wadda ba a sha da ita. Akwai shuka zogale a bayan aji. Akwai gwada ganin yara da allon harafin E daga nisan mita 6. Akwai kuma ware makewayi na 'yan mata da malama mace da za su iya gaya wa damuwarsu, domin rashin wannan na cikin abubuwan da ke sa yarinya ta daina zuwa da zarar ta fara al'ada.

Iyakar malami

Malami ba likita ba ne, kuma wanda ya san iyakarsa shi ne ke daɗewa da mutunci. Kada ya yi allura. Kada ya sayar da maganin da aka bayar kyauta. Kada ya ba da maganin da ba a horar da shi a kansa ba. Kada ya tona ciwon yaro a gaban aji. Kada namiji ya duba jikin yarinya. Kada a ba yaro komai a ɓoye ba da sanin iyayensa ba. Mu da ke aikin ikkilisiya kuma mu ƙara da wannan: magani ba ƙugiya ba ce. Yaron Musulmi da na Kirista layi ɗaya suke bi, ba a tambayar kowa addininsa, ba a kuma sa wa taimako sharaɗi.

Nauyin da ke kansu

Ba za mu ɗora wa malamai wannan kaya mu yi shiru a kan halin da suke ciki ba. Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da yawa. An sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, a watan Satumba na shekarar kuma aka rufe makarantun jihar bayan an sace ɗalibai a Kaya ta Maradun. A farkon Janairu 2022 aka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dubban iyalai sun yi gudun hijira zuwa garin Anka da sauran manyan garuruwa. A daminar 2024 ambaliya ta raba dubban mutanen Gummi da gidajensu. A 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, abin da ke nuna cewa hukuma ma ta san girman matsalar.

Duk ranar da aka rufe makaranta, ba karatu kaɗai aka rufe ba. An rufe wurin rabon magani, an kuma rufe idon da ke ganin ciwo da wuri. Inda 'yan gudun hijira suka taru kuwa, cunkoso da ƙarancin ruwa na kiran ƙyanda da kwalara. Malamin da shi ma ya gudo, in ya tara yara ƙarƙashin itace ya rubuta sunayensu, ya ba ma'aikatan lafiya abin da za su fara aiki da shi.

Abin da za mu iya yi

1. Dattawan ikkilisiya su ziyarci makarantar gwamnati da ke kusa, su tambayi hedimasta abin da ya fi damunsa, su saurara kafin su yi alkawari.
2. Membobinmu su shiga kwamitin SBMC, su riƙa halartar zama.
3. Zumuntar mata ta haɗa kai da ƙungiyoyin mata Musulmi su dama kunu ko koko ranar rabon magani, domin kada yaro ya sha da yunwa.
4. Matasa su ba da ƙarfinsu wajen haƙa masai da gyaran bakin rijiya.
5. Malaman makarantar Lahadi su ware minti biyar kowane mako su koyar da abu ɗaya na lafiya.
6. Fasto da liman su yi sanarwa iri ɗaya, Jumma'a da Lahadi, kafin ranar magani ko allura.
7. A gode wa malamin da ya yi ƙoƙari a gaban jama'a. Yabo ba ya cika tukunya, amma yana ƙara ƙarfin gwiwa.

Tambayoyi domin tattaunawa a rukuni

Wane ciwo ne ya fi hana yaranmu zuwa makaranta, kuma a wane lokaci na shekara? In yaro ya faɗi a aji gobe, wa zai kai shi asibiti, da wane abin hawa, da kuɗin wa? Waɗanne yara ne a garinmu ba sa cikin rajistar kowa? Wane abu ɗaya za mu iya gamawa kafin ƙarshen wannan zango?

Ubangijinmu Yesu bai kori yara ba lokacin da aka kawo su wurinsa, ya kuma koya mana cewa maƙwabci shi ne wanda ya tsaya ya ɗaure raunin wanda ya tarar a hanya. Hausawa ma sun ce ɗa na kowa ne, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Mu tuna da malaman Anka, Gummi da Bukkuyum cikin addu'o'inmu: Allah ya tsare su a hanya, ya ba su haƙuri da hikima, ya ta'azantar da iyayen da suka binne 'ya'yansu, ya kuma maido da salama a ƙasar Zamfara. Amin.